Lafiya Uwar Jiki: Tukunya ɗaya ta ruwan zafi a zango, wa zai fara samu?

Jama'a, kaka ta wuce, ɗari ya shigo ƙasar Arewa. An zuba hatsi cikin rumbu, an saki gonaki ga dabbobi. Makiyayan da suka yi damana can gaba da Tawa, wasu har Ingal wurin lasar gishiri, sun biyo burtali sun sauko. Daga Dogon Kiriya da Sukukutan har Tibiri da Gesheme, in dare ya yi ana hango wutar zango ko'ina.

Ba makiyaya kaɗai ke kwana waje ba. Akwai masu noman rani da suka tare bakin garka da iyalinsu. Akwai masu amalanke da ke bin kasuwanni, yau Matankari, gobe Dogon Dutsi, jibi Kore Mairuwa. Duk waɗannan mutane abu ɗaya ke damunsu da asuba: ruwan zafi. Kowa na so, kuma ba ya isa.

A cikin gari mace na iya ɗora tukunya sau uku a wuni. A zango ba haka ba ne. Ruwan zafi sau biyu ake biyan kuɗinsa: a biya da ruwa, a biya da icce. Wanda ya sauka cikin Dallol Mawri ya ji sauƙi, don rijiya ba ta da zurfi. Wanda ya sauka bisa tudu kuwa sai ya ja guga gaba da yawa, wani wuri ma sai da jaki ko sa. Icce kuma ya yi nisa. Tun farin 1973 da na 1984 daji bai koma yadda yake ba. Sabara da geza da yara kan tsinto bayan ruga, yanzu sai an yi tafiya. Gawo kuwa doka ta hana sara, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da wannan.

To, in tukunya ɗaya ce za a iya tafasawa a wuni, yaya za a raba ta?

Ɗaki mai taya

Manya sun tuna Turawan da ke ratsa Dogon Dutsi a shekarun 1970 da 1980. Sukan ƙetaro hamada ta Tamanrasat da Agadas, su biyo ta Tawa da Ƙonni, su nufi Yamai. Wasunsu cikin motar suke kwana, cikinta suke dafa abinci. Rashin tsaro ya tsayar da wannan yawo a ƙasarmu ta Nijar. Amma a Faransa da Ingila da Jamus har yau mutane da yawa na yin hutu cikin mota mai ɗaki, ko cikin ɗaki mai taya wanda mota ke ja.

Cikin irin wannan ɗaki akwai ƴar tukunyar ƙarfe a ɓoye ƙarƙashin kujera. Gas ko lantarki ke ɗumama ta. Da yawansu lita 10 suke ci, wato rabin jarka. In ruwan ya ƙare, sai an jira kamar rabin awa kafin wani ya yi zafi. Ruwan sanyin ma ɗebo shi suke yi daga famfo, a cikin wata ganga mai lita 40 da ake gangarawa a ƙasa.

Bature mai kuɗi ne, amma a nan kuɗinsa bai ƙara wa tukunya girma ba. Saboda haka ya koyi dabara. Yakan bar ruwan ya yi zafi ƙwarai, sannan ya sirka da na sanyi, lita 10 ta koma kusan 20. In zai yi wanka sai ya jiƙa jiki, ya rufe famfo, ya goga sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye. Kuma kafin kowa ya taɓa ruwan, an riga an shirya wanda zai fara da wanda zai jira.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Fataken da ke dakon gishirin Foga da jakai, daga can wajen Gaya, sun san shi tun kafin a ƙera mota. Madugu ba ya sa zango sai ya san inda rijiya take, kuma salka ba a kwance ta don kowa ya ga dama. Abin da ya ragu a yau shi ne lissafin. Jarkar roba ta zo, ruwa ya yi sauƙin ɗauka, sai aka daina ƙirga shi.

Tukunyar fari ta yara ce

Ga abin da aka saba gani. Uwargida ta tashi da duhu ta hura wuta. Ruwa ya yi zafi. Maigida ya ce: "Uwargida, zubo mini na wanka." Samari su miƙo butar shayi. Kafin rana ta fito tukunya ta ƙare. Sai yaro ɗan shekara biyu ya farka da ƙishi, a ɗebo masa daga jarkar da aka cika jiya a tabki, inda shanu suka shiga har gwiwa.

Wannan rabo bai yi daidai ba. Babba in ya yi wanka da ruwan sanyi, hakora ne za su kaɗa, rana ta fito ya warke. Yaro in ya sha ruwan tabki, zawo ne ke jiransa. Zawo a zango kuwa ba kamar zawo a gari ba ne. Likita na da nisa, garke ba ya tsayawa, kuma yaro ƙarami na iya bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wani zai ce: "Ai mu da ruwan tabki aka raine mu." Gaskiya ne. Amma a tambayi tsofaffin mata yara nawa suka haifa, nawa suka rayu. A tuna kuma da kurkunu, wanda ke kwantar da manomi tsakiyar damana. Cikin ruwan sha yake shiga jiki. Da aka dage da tace ruwa da gina rijiyoyi masu kyau, sai ya ɓace, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi a Nijar. Ƙwayoyin zawo da kwalara da taifot sun fi na kurkunu ƙanƙanta. Ƙyalle ba ya tare su duka. Wuta ce ke kashe su.

Saboda haka, da zarar tukunya ta tafasa, kafin a zuba wa kowa, a fara cire ruwan shan yara ƙanana da na mara lafiya. A ƙiyasta lita ɗaya ga kowane yaro. A zuba shi cikin buta ko gora mai ƙaramin baki, wadda aka wanke, a toshe. Kada a sa moɗa ko hannu a ciki, tsiyayawa ake yi. A ɗaura mata jan ƙyalle a wuya don kowa ya san ta. Jariri da bai kai wata 6 ba, shi ba a ba shi ruwa ko kaɗan, ko tafasasshe. Nonon uwa ya ishe shi, ko da bazara.

Da wannan ruwa ne kuma ake haɗa maganin zawo. Ƙunshin gishiri da sukari da ake samu a gidan likita, guda ɗaya ake zubawa cikin lita ɗaya cif. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Akwai ƙwayar zinki da ake haɗawa da shi, kwana 10 zuwa 14. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai bar gari da yara, ya sayi waɗannan tun kafin ya ɗaure kaya.

Wurin tafasawa ma ana ɓarna. Wasu na barin tukunya bisa wuta tana ta ɓararraka, wai don ruwa ya ƙara nuna. Ruwa ba wake ba ne. In ya tafasa sosai, yana juyawa da manyan kumfa, minti ɗaya ya isa. Daga nan ba ya ƙara zafi ko an ƙone kurmi a ƙarƙashinsa. Tururi kawai yake zama, ruwa na raguwa, icce na ƙarewa.

In ruwan ya gurɓace da laka, a bar shi ya kwanta tukuna, a tsiyaye, a tace da ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka. Garin ƴaƴan zogale na sa laka ta kwanta da sauri. Amma a lura: ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Bayan tacewa sai an tafasa.

Ranar da icce ya gagara fa? Akwai hanya biyu. Ƙwayar Aquatabs da ake sayarwa don tsabtace ruwa ba ta da nauyi, aljihu ma ya ishe ta. A tambayi mai sayarwa ko ma'aikacin lafiya lita nawa ƙwaya ɗaya ke ɗauka, a jefa, a jira minti 30. Hanya ta biyu rana ce. A cika kwalbar roba fara, irin ta ruwan sayarwa, da ruwan da ya kwanta garau. A kwantar da ita cikin rana awa 6. In ƙura ta rufe sama, kamar yadda takan yi a wannan lokaci, sai a bar ta kwana biyu.

Sirki

Ruwan wanka ba ya bukatar tafasa gaba ɗaya. Nan ne aka fi asarar icce. A cika babbar tukunya, a yi ta tura mata wuta, ta tafasa, sannan a zauna jiran ta huce. Wannan aiki biyu ne.

Ga lissafin. Ruwa na tafasa ne a digiri 100. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Ruwan da ya kwana waje a darin nan yakan sauka wajen digiri 20. In aka zuba ƙwarya ɗaya ta tafasasshe cikin ƙwarya 3 ta wanda ya kwana, za a samu ƙwarya 4 mai digiri 40. Wannan ya isa wanka mai daɗi. In kuwa daga rijiya aka jawo shi yanzu, da ɗuminsa yake fitowa, ƙwarya ɗaya na iya ɗaukar 4 ko 5.

A ɗauki misalin iyali mai mutum 7, da tukunya mai lita 10. A cire lita 3 na shan yara. A ware lita 2 don ƙoren nono da kwanonin abinci. A zuba lita ɗaya cikin tarmos, wanda wasu ke ce wa filas, don alwalar tsoho da asuba da kuma shayi. Saura lita 4. A sirka su da lita 12 na sanyi, ga lita 16. In ana jiƙa jiki da moɗa ɗaya, a goga sabulu, a ɗauraye da moɗa biyu ko uku, wannan ya wanke yara uku da tsohuwa ɗaya.

Maigida da samari fa? Su rana ce tukunyarsu. A cika jarka da safe, a lulluɓe ta da baƙin leda ko baƙin zane, a ajiye inda iska ba ta bugu. Zuwa azahar ruwan ya yi ɗumi, ba a ƙona ko tsinke ba. Babu dokar da ta ce sai da asuba ake wanka. Wanda wankan wajibi ya kama shi cikin tsananin sanyi, kuma yana tsoron ciwo, ya tambayi malami hukuncin taimama.

Abu biyu kada a manta. Na sanyi ake fara zubawa cikin bokiti, sannan na zafi, don kada yaro ya tsoma hannu kafin a sirka. Uwa ta gwada da gwiwar hannunta, don tafin mai aikin murhu ya saba da zafi, ba ya faɗin gaskiya. Na biyu, ruwan da aka sirka ya tashi daga ruwan sha. Ɗigo ɗaya na ɗanye ya ɓata tafasasshe.

Game da wuta kuma, iska ce babbar ɓarauniyar icce a fili. Murhu mai duwatsu uku a tsakiyar sarari, rabin zafinsa daji yake tafiya. A tona ɗan rami, a kare gefen gabas da tabarma ko sirdin jaki a nesa kaɗan, a sa tukunya kusa da harshen wuta, a rufe ta da marfi. Bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, an yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. Na laka na mai zaman gida ne. Na ƙarfe kuwa ana ɗaura shi bayan jaki, kuma maƙeri na iya yin sa da guntun ganga.

Kada a hura wuta musamman don ruwa. In an sauke tuwon dare, garwashi na nan da ƙarfinsa. A ɗora tukunyar ruwa nan take. In ta tafasa, an cire na sha, a rufe saura, a naɗe tukunyar da tsohon bargo ko buhu, a cusa ta cikin rami ko kwando da aka cika da ƙaiƙayi. Da asuba za a tarar da ita da sauran zafi, a huta da fita neman kara cikin duhu.

Mai jego

Nan maganar ta fi nauyi, don ta taɓa al'ada. Mace in ta haihu, akan yi mata wankan jego safe da marece har kwana 40, da ruwa mai tsananin zafi da ganye. A gida wannan na cinye iccen da aka tara wata da watanni. A tunga ko a zango, yana cinye ruwan kowa. Sau da yawa ranar da aka fara wankan jego, ranar ce aka daina tafasa wa yayyen jariri ruwan sha.

A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a Najeriya, sun lura mata da yawa na zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Sun danganta abin da wanka mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Daga baya likitocin Yamai da na Kano sun nuna ba wannan kaɗai ba ne, ƙarancin wasu sinadaran abinci a jikin uwa ma na ciki. Amma babu likitan da ya ce ruwa mai sale fata na ƙara wa mai jego lafiya.

Ba a ce a bar wankan jego ba. Mai jego na bukatar tsabta da ɗumi fiye da kowa, kuma bayan yara ita ce ta biyu a tukunya. Abin da ake roƙon kakanni da ungozomomi shi ne su sirka. Bokiti ɗaya mai ɗumi, wanda gwiwar hannu ke iya jurewa, ya isa. Kanwa kuma a rage. In mai jego ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tana tari in ta kwanta, wannan ba sanyi ba ne da za a ƙara mata wuta. A kai ta likita ranar.

Jariri sabon haihuwa kada a yi masa wanka sai ya kwana ya wuni. A goge shi, a ɗora shi bisa ƙirjin uwa, a rufe su tare. In lokacin wanka ya yi, a yi shi da hantsi, inda babu iska, a gama da sauri. Wadda za ta karɓi haihuwa ta wanke hannu da sabulu. Reza sabuwa, zare kuma a tafasa shi. Wannan ƙwarya ɗaya ta ruwan zafi ta fi dukan sauran daraja.

Matan makiyaya sun san ƙwaryar da ba a wanke da ruwan zafi ba tana ɓata nono, kuma mai saye a kasuwa na ganewa da hanci. A fara ɗauraye ta da na sanyi, sannan a bi da na zafi, a kife cikin rana. Madarar da yara za su sha a dafa ta, saboda bakkale da tarin fuka na bi ta ɗanyar madara. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kada a watsar, a jiƙa tsumman yara da shi.

Sai maganar jarka. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur ba ta zama ta ruwa, ko an wanke ta sau goma. Kuma ba a zuba tafasasshen ruwa cikin jarkar roba, sai ya huce.

A daren sanyi akan shigar da kaskon gawayi cikin bukka ko tanti, a toshe ƙofa. Gawayi na fitar da wata iska wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Ko Turawan ɗaki mai taya, bututun hayaƙin tukunyarsu waje yake fita. A bar kafa ta iska, kuma a fitar da kasko kafin a kwanta.

Tukunyar ruwan zafi a ajiye ta inda mai rarrafe ba ya kaiwa. In tsautsayi ya faru yaro ya ƙone, a nan kada a yi rowar ruwa. A riƙa zuba masa na sanyi a wurin har minti 20, a hankali, ko da jarkar za ta ƙare. Sauran jikinsa a rufe da zane don kada sanyi ya kama shi. Kada a shafa kashin shanu, ko toka, ko man goge baki, kuma kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko al'aura, a bar garke hannun wani a nufi gidan likita mafi kusa.